Bunsurun da Yake da Haƙoran Sama

Ina cikin shekara ta shida da fara koyarwa a ƙauyen Ait Bumzil na ciro littafin bunsurun daga ƙasan akwatina. Dusar ƙanƙara ta toshe hanyar garin Azru, alli ya ƙare, ga yara ashirin da uku a gabana ranar Alhamis bayan azahar, kowa ya zuba wa murhu ido.

Littafin tsoho ne. Wani Bature ya rubuta shi fiye da shekara ɗari da suka wuce, aka mayar da shi Larabci, kuma a Maknas inda aka haife ni da wuya ka shiga gidan masu karatu ka rasa shi. Nawa mahaifina ne ya saya mini lokacin da nake kwance da ƙyanda. Tela ne. Bayan la'asar yakan soke allurarsa a jikin riga, ya zauna a bakin gadona ya karanta mini babi ɗaya, ba ya ƙarawa ko da zan yi kukan jini. Labarin wani bunsuru ne da aka raba shi da yarinyar da ta rene shi, aka sa shi a jirgin ƙasa zuwa birni, ya faɗa hannun masu wasa da dabbobi, ya tsere, ya shekara uku yana neman hanyar gida. Na karanta shi ya fi sau goma, kuma ban taɓa jin wanda ya kushe shi ba.

Na karanta musu babin farko da Larabci, inda ya yi tsauri in juya musu da harshensu na gida. Suka yi tsit, na ji daɗi. Da na gama na ɗaga littafin ina nuna musu zanen da ke shafin ƙarshe, bunsurun yana tsaye a kan tudu yana murmushi.

Itto ta ɗaga hannu. Shekararta goma sha ɗaya, ita ce ta fi kowa karatu a ajin, kuma ba ta ɗaga hannu sai da dalili.

"Malam, wannan wace dabba ce?"

"Bunsurun ne mana."

"Ba bunsuru ba ne. Yana da haƙoran sama."

Na ce mata kowace dabba tana da haƙoran sama, in ba haka ba da me za ta ci abinci. Yaran suka kalli juna. Ba wanda ya yi dariya, abin da ya fi damuna ke nan. Na ce kowa ya tafi gida.

Washegari da safe na tarar da Itto a ƙofar aji riƙe da igiya, a ƙarshen igiyar akuyar kakanta. Ta kama ƙahonin, wani yaro mai suna Haddu ya buɗe bakin da yatsu biyu kamar mai buɗe jaka.

"Sa yatsa, Malam."

Na sa. A ƙasa haƙora reras. A sama, ta gaba, babu komai sai dasashi mai tauri kamar tafin takalmi. Akuyar tana kallona, ni ma ina kallonta. Shekara shida ina zaune cikin awaki, ina shan nononsu, ina cin namansu, ban taɓa leƙa bakin ko ɗaya ba.

Na goge yatsana na ce, "To, mai zanen ne ya yi kuskure, ba marubucin ba."

"Jiya ka karanta cewa ya kafa haƙoransa na sama a igiya ya tsinka ta," in ji Itto.

Na ce ta mayar da akuyar kafin kakanta ya neme ta.

Ranar nan na daɗe ina tunanin mahaifina. A ƙauye ya tashi, kiwo ya yi har ya shekara goma sha huɗu kafin a kai shi koyon ɗinki. Ya karanta mini wannan layin da bakinsa, bai tsaya ba, ko tari bai yi ba. Ya rasu shekara biyu kafin a turo ni nan, don haka babu wanda zan tambaya.

Duk da haka na ci gaba, babi ɗaya kowace Alhamis, kuma kowace Alhamis sai an kama marubucin. Da bunsurun ya faɗa kogi ya yi iyo yini guda, suka ce akuyar da ko yayyafi ya taɓa ta sai ta cika gari da ihu. Da ya tsaya a bakin shagon wani mutum yana hawaye don ya tuna yarinyar da ta rene shi, suka tambaye ni me ake sayarwa a shagon. Na duba, na ce gishiri da sabulu.

"Shi ke nan," in ji Itto. "Gishirin yake wa kuka."

Sunan da marubucin ya sa masa bai zauna a bakinsu ba, sai suka raɗa masa Ɗan Birni, wai don bai san komai ba amma yana tafiya da ƙwarin gwiwa. Ban tambaye su ko akwai wani da suke nufi ba.

Abin da na lura da shi kawai, ranar Alhamis ba a fashi. Har waɗanda gidajensu ke bayan kwari suna zuwa, ƙafafu jiƙe, su jera takalma a gindin murhu su zauna suna jiran ƙarya ta gaba.

A babi na tara abin ya ɓaci. A nan ne Ɗan Birni ya tarar da dila a tarko, ya tauna igiyar ya sake shi, suka zama abokan tafiya. Tun ina yaro wannan babin na fi so, har muryar dilan na tanada, irin wadda mahaifina yake yi ta hanci.

Ban kai rabi ba Haddu ya miƙe. Shi ba mai magana ba ne. Shekararsa goma sha biyu, yana zama a bencin baya, kuma in aka ce ya karanta layi ɗaya sai gumi ya karyo masa ko da ana ƙanƙara. Kafin sanyi ya shigo, diloli sun shiga garken mahaifinsa sun kashe 'yan awaki bakwai. Shi aka bar wa rufe ƙofar garken, shi ya fara ganinsu da safe. Mahaifinsa bai doke shi ba, bai ce masa komai ba, kuma duk garin ya san da dukan aka yi da ya fi masa sauƙi.

"Malam, wanda ya rubuta wannan ya taɓa ganin ɗan akuyar da dila ya ci?"

"Ban sani ba, Haddu."

"Bai taɓa ba."

Ya ɗauki takalminsa a gindin murhu ya fita, bai ko tsaya sawa ba.

Ajin ya kaure da surutu, kowa yana ba da labarin dilan da ya sani. Na ɗaga murya na ƙarasa babin a kan hayaniyarsu. Ƙanƙara ta rufe duwatsu, abokan biyu sun kwana uku ba su ci komai ba, Ɗan Birni ya ga yadda dilan ya fara kallonsa, sai ya haye wani ɗan tsiririn dutse a bakin rami. Dilan ya zauna a ƙasa ya ɗaga kai. A nan babin ya tsaya. Lokacin da mahaifina ya kai nan, ko numfashin kirki ban iya yi ba. Na ɗago na dubi ajina, na ga wani yana neman izinin fitsari, wasu biyu suna musu a kan ko dila yana hawa dutse.

Na rufe littafin.

"An gama," na ce. "Tunda kun fi marubucin sani, ba sai na ɓata muku lokaci ba."

Alhamis ta gaba hanya ta buɗe, alli ya iso, na cika musu allo da lissafin rabawa. Suka yi ba musu. Haddu ya dawo ya zauna a bencinsa. Ba wanda ya ambaci bunsuru, ni ma na sha mur ban ambata ba.

Ranar Asabar da hantsi Baba Bassu, kakan Itto, ya yi sallama a ƙofata. Tsoho ne da ya haura saba'in, kuma a shekara shida sau biyu ya taɓa taka gidana, duka biyun gaisuwar mutuwa. Matata Zuhur ta kawo shayin na'a-na'a da gurasa da man zaitun. Ya sha kofi na farko yana tambayar lafiyar mahaifiyata. Ya sha na biyu yana kallon rufin ɗakina, ya ce ba zai kai bazara ba in ban hau na gyara ba. A na uku ya ajiye kofin.

"Malam, maganar bunsurun nan."

"Wane bunsuru, Baba?"

"Wanda ka bari a kan dutse. Yau kwana tara."

Na duba fuskarsa, ko zan ga alamar wasa. Babu.

"Itto ce take kawo mana shi duk Alhamis," in ji shi. "Tana gyarawa a hanya, inda mutumin ya yi shirme. Da farko mu kaɗai ne a gida, yanzu har maƙwabta suna shigowa. Matar maƙwabcina Muha ta ce in tambaye ka ko akwai ciyawa a wurin da yake tsaye."

"Babu."

"Haka na ce mata."

"Baba, ai jikarka cewa take duk ƙarya ne."

"Ƙarya ne mana. Wa ya ce maka gaskiya ne? Amma mutum ba ya barin dabba a kan dutse ya tafi yin lissafi. Ko taka ce ko ba taka ba."

Na ce in yana so in gaya masa yadda aka ƙare yanzun nan, ba sai ya jira ba. Ya ɗaga hannu da sauri.

"A'a. A karanta yadda aka saba. Ranar Alhamis." Ya miƙe yana gyara jallabiyarsa. A bakin ƙofa ya juyo ya ce, "Ka hau rufin nan."

Na hau rufin ranar Talata, cikin iska. Ranar Laraba mura ta kama ni. Ranar Alhamis na tashi ba murya, in na buɗe baki sai wani abu ya fito kamar ana jan buhu a ƙasa.

Da na shiga aji bayan azahar, na tarar da tsofaffi bakwai a bencin baya, sun matse yaran zuwa gaba, sandunansu jingine da bango. Mata huɗu suna tsaye a waje ta taga, sun ce wai wucewa suke yi. Na buɗe babi na goma, na gwada layin farko. Baba Bassu ya karkato kunne ya ce, "Me ya ce?" Muha, maƙwabcinsa, ya ce, "Bai ce komai ba tukuna."

Na ɗaga littafin sama na nuna maƙogwarona. Itto ta miƙo hannu, ni ma ita nake nufi. Kafin ta taso, Haddu ya ratso tsakanin benci ya karɓe shi daga hannuna.

"Kai?" in ji Itto. "Sai mun kwana a nan."

"Ku kwana."

Ya tsaya kusa da murhu, ya ɗora yatsa a ƙarƙashin kalmar farko. Babin shafi shida ne, ni nakan gama shi cikin minti goma sha biyar. Haddu ya fi awa. Yakan kama kalma ya ja ta harafi harafi, ta kuɓuce, ya koma ya sake kamowa. Sau biyu Itto ta raɗa masa, a na uku ya ce, "Ki yi mini shiru, na gan ta," ta yi shiru. In ya gama sakin layi sai ya juya shi da harshen gida don tsofaffi, kuma a nan bakinsa ba ya sarƙewa. Bai yi wa dilan murya ta hanci ba. Da muryarsa ya karanta shi.

Abin da ke cikin babin kaɗan ne. A rana ta huɗu dilan ya sami hanya ya hau. Ɗan Birni ba shi da inda zai ja da baya, rami ne a bayansa. Dilan ya matso har hancinsa ya taɓa wuyan bunsurun, ya tsaya haka. Can sai ya juya ya sauka, ya miƙe cikin ƙanƙara bai waiwayo ba, kuma ba a sake ganinsa a littafin ba. Marubucin bai faɗi dalili ba.

Haddu ya tsaya, yatsansa a kan kalmar ƙarshe. Gumi har a gefen kunnensa.

"Ƙarya ne," ya ce, ba da ƙarfi ba.

Baba Bassu ya gyara zama.

"Na taɓa ganin haka sau ɗaya," in ji shi. "Shekarar da ƙanƙara ta rushe masallaci. Dila ya tsaya a kan ɗan akuya, ya shinshina shi, ya wuce."

Duk aka juya ana kallonsa, har matan da ke taga.

"Amma wancan a ƙoshe yake," in ji tsohon.

Haddu ya dubi tsohon. Sai ya lashi yatsa ya buɗe shafi na gaba. Na ce lokaci ya wuce, babi ɗaya ake yi. Ba wanda ya ji ni. Na sake faɗa, Muha ya miƙo mini alewar tari daga aljihunsa ba tare da ya kalle ni ba.

Daga ranar ban sake karanta musu littafin ba. Muryata ta dawo bayan kwana biyar, amma aikin ya riga ya fita hannuna. Suka tsara wa kansu layi, kowa da babinsa, kuma wanda babinsa ke tafe yakan tafi da littafin gida ya yi ta bita don kada ya ji kunya a gaban tsofaffi. Wata yarinya da na shekara biyu ina fama da ita a kan wasula ta koye su cikin mako guda, saboda kakarta ta ce za ta zo. Ni aikina ya koma zuba itace a murhu da faɗin ma'anar kalma in an tambaye ni. Ba a cika tambayata ba.

Babin ƙarshe ya faɗo a kan Itto. Ɗan Birni ya iso gida a rame, gemu ya yi fari. Yarinyar ta girma, ta fito ta kore shi daga lambu da sanda, sai ta ga tsagar da ke kunnensa na hagu, ta yar da sandar.

"Wannan gaskiya ne," in ji Baba Bassu. "Da kunne ake ganewa. Wani ne ya gaya masa."

Itto ta ƙarasa. Bunsurun ya zauna a gidan har ya shekara goma sha huɗu, ya mutu a gindin bishiya da rana tsaka, yarinyar tana kusa da shi. Ta rufe littafin.

Muha ne ya fara magana. "Shekara goma sha huɗu? Ba a yanka ba?"

"Ba a yanka ba," in ji Itto.

"Mushe ya yi ke nan."

"Mushe."

"Kai, Turawa." Ya girgiza kai. "Ko fatar ba a ce an cire ba."

Aka ɗan tattauna wannan asarar. Baba Bassu bai sa baki ba. Da aka lafa sai ya ce kunnensa ba ya ji sosai yau, Itto ta sake karanta shafin ƙarshe. Ta sake. Ya ce yawwa, yanzu ya ji, ya ɗauki sandarsa ya fita kafin kowa.

Bayan mako guda Itto ta kawo mini takarda shafi biyu, ta ce wasiƙa ce zuwa ga marubucin. Na ce mata ya rasu tun kafin a haifi kakanta.

"Allah ya jiƙan musulmi," ta ce. "To wa yake bugawa yanzu?"

Na nuna mata adireshin kamfanin a bayan littafin. Wasiƙar ta fara da gaisuwa mai kyau, ta ce littafin ya yi daɗi kuma duk garin ya gode, sannan ta jero gyara goma sha ɗaya, daga haƙora har zuwa iyo. Maganar dila ba ta ciki. Na tambaye ta, ta ce an yi shawara, Haddu ya ce a bar wannan yadda yake. Yara ashirin da uku suka sa hannu, Baba Bassu ya dangwala yatsa. Ranar kasuwa na kai ta gidan waya a Azru, ban sa ran komai ba.

Amsa ta zo bayan ƙanƙara ta narke, tare da kwali. Wata mata ce ta rubuto daga kamfanin. Ta ce sun karanta wasiƙar a ofis, wani ma'aikacinsu ya buga wa kawunsa waya a ƙauye, kawun ya tabbatar da maganar haƙora. Ta ce mai zanen ma ya rasu, kuma ba su da ikon taɓa rubutun, amma ga littattafai sun aiko, kowane yaro ya sami nasa.

Kwafi ashirin da biyar ne na littafi ɗaya, shi ma tsoho, labarin wani ɗan ƙaton kifi da ya ɓace wa uwarsa a teku. A shafi na biyu aka ce uwar tana shayar da shi nono. Haddu ne ke karantawa. Ya tsaya, ya sake bin layin da yatsa, ya ɗago ya kalli Itto. Itto ta kalli kakanta. A duk ɗakin ni kaɗai na taɓa ganin teku, kuma ba ni aka kalla ba.

Babi uku aka yi ba wanda ya ɗaga hannu. Suna saurare, amma ka ga ba su saki jiki ba, kamar mutanen da ake yi wa ciniki da harshen da ba su iya ba.

A Alhamis ta huɗu Baba Bassu ya shigo da wani mutum siriri mai hular ulu, wanda ban taɓa gani ba. Ya ce sunansa Lahsan, ƙanin matarsa ne, ya shekara talatin yana aiki a jiragen kamun kifi a garin Safi na bakin teku, kuma jiya aka ɗauko shi daga garinsu a kan alfadari. Aka matsa masa a bencin baya, aka ba shi wurin da ya fi kusa da murhu. Ya cire takalmi, ya harɗe hannu a ƙirji.

"To," in ji Baba Bassu. "A koma daga farko."